Za a Hau, a Kintsa

Sunana Sallau, walda nake yi a Sabon Gari, bayan masu katako, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da saurin yarda. Ko ƙusa aka auna mini sai na ɗaga sikelin na leƙa ƙarƙashinsa. Mutane suna cewa mugun hali ne, ni kuwa ina cewa shi ya sa ƙofar da na haɗa ba ta taɓa faɗo wa kowa ba. A mako ɗaya abubuwa biyu suka same ni: aka kira ni aikin jirgin sama, Shamsu kuma ya kawo mini maganar wani moto, wato babur, mai jar kujera.

Bari in fara da Shamsu, don shi ya fara. Faci yake yi a bakin layinmu na unguwar Zariya, kuma faci aikin zama ne, hannu a kan taya, ido a kan ƙofofin mutane. Ranar Asabar na tsaya ya ƙara mini iska, sai ya ce, yana kallon taya ba ni ba, wai ashe na ɗaukar wa gida ɗan kabu-kabu na musamman. Na ce wane ɗan kabu-kabu? Ya ce au, ai ya zaci na sani. Wani dogo ne, motonsa mai jar kujera, duk Litinin da Alhamis da hantsi yana tsayawa ƙofar gidana, ya shiga zaure, ya ɗan jima, ya fito. An kai wata guda da rabi ana haka. Sai ya ƙara da cewa shi fa bai ce komai ba. Munafuki, ai ya riga ya gama cewa.

Shekara shida da aurenmu da Tsahara, 'yar Tsibiri ce, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, kuma ban taɓa kama ta da abin da zan ce ga shi ba. To amma mai hali irin nawa, rashin kamawa ba ya kwantar masa da rai, cewa yake an iya ɓoyewa ne. Na koma gida na zuba ido. Na ga man gyaɗa yana saurin ƙarewa. Na nemi shuɗiyar kularmu ta abinci na rasa, na tambaya, ta ce tana nan wani wuri, ta kau da kai. Ranar Litinin na bar aiki na dawo da hantsi, ashe na makara, sai sawun taya na tarar a ƙofa. Ban tambaye ta ba. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. In na tambaya ta yi mini ƙarya, ban san abin da zan yi ba, in kuma ta faɗi abin da nake zato, na rasa ta. Ina son matar nan, ko da yake ban taɓa iya gaya mata ba. Abin da nake nema shi ne in gani da idona ba tare da an san ina kallo ba.

Jirgin kuwa na Alhaji Abdulkarim ne, attajirin nan mai fataucin aya da wake zuwa kudu. Ɗan ƙaramin abu ne, kujera biyu, fiffike a bisa, farfela a hanci, mutum ɗaya zai iya tura shi ya fito da shi daga rumfa. Ɗansa Nabil ke tuƙawa, ya yi karatun abin a waje ya dawo da takardunsa. Alhaji yana so a ɗauko masa hoton gonakinsa na Tsibiri da Jiratawa daga sama kafin a yanke hatsi, ya ga inda ruwa ya kwanta da inda bai kai ba, kuma an samo izinin hukuma, da hatimi da komai. Abin da ya rage shi ne inda za a maƙala kamara. Kamarar ba ta fi kwalin ashana biyu ba, irin wadda masu tseren moto ke ɗaurawa a hular kwano.

Ranar Lahadi Nabil ya kai ni filin jirgi, ya ce sharaɗi biyu ne: ba walda a jikin jirgin, ba huda. Na ce to ka kira mai walda ka hana shi walda, me ya sa ba ka kira tela ba? Ya yi dariya, ya ce an gaya masa ni ne mutumin da ba ya yarda da bulon, wato noti, sai ya ɗaure shi sau biyu, kuma irin mutumin da yake nema ke nan. Na ji daɗi, ban nuna ba.

Na yanko alminiyam gida biyu na lanƙwasa, yadda za su rungume ƙarfen nan da ke tokare da fiffike, na shimfiɗa robar tsohuwar taya a ciki don kada ya ci fenti. Muka ɗaura, Nabil ya tada inji a ƙasa, muka duba hoton a wayarsa, sai ga duniya tana kaɗawa kamar kunu a kwano. Ya ce girgizar inji ce ke bin ƙarfe tana shiga kamara. Na rage tsawon hannun da ke riƙe da ita, na cire robar na sa tafin silifa mai kauri, aka sake gwadawa. Sai da muka yi sau biyar, kwana uku, kafin hoton ya tsaya cak. Kowane bulon na ƙara masa na biyu a bayansa. Sannan na ɗauko siririyar waya na ɗaure kamarar da ƙarfen, ko da komai ya kwance, ta yi lilo a nan maimakon ta faɗo kan ɗan wani. Aiki ne mai kyau, ko yau ba ni jin kunyarsa.

Ranar Talata da la'asar muka je gidan Alhaji mu nuna masa gwajin. Mahaifiyarsa na nan zaune a falo, Hajiya Khadijatul Kubra, ta haura tamanin amma idonta ras. Aka miƙa mata wayar, ta ga tsakiyar kaina da na Nabil kamar yadda kamara ta ɗauke mu daga fiffike, har da sanƙon da ban san ya fara mini ba. Ta jima tana kallo.

"In ya tashi, ta ina zai bi?" ta tambaya.

Nabil ya nuna mata taswira a wayar. Ta gefen Zariya zai bi, ƙasa-ƙasa, don a nan bai gama ɗagawa ba, sannan ya karkata zuwa Tsibiri, ya zagayo ta Jiratawa ya dawo.

"Matan Zariya an gaya musu?"

Nabil ya ce haba Kaka, ai akwai izinin hukuma, ya fara lalubo takardar.

"Hukuma ba ta da tsakar gida," in ji ta. "Wanda zai hau katanga maƙwabta yake yi wa sallama, ba gwamna ba." Sai ta juyo kaina. "Kai ba ɗan Gado magini ba ne na Jiratawa? Ubanka ya gina mini ɗakin baya. Gaya wa mijin nan nawa marar kunya yadda ake yi."

Na gaya masa, don a bakin tsani na tashi. Baba bai taɓa sa ƙafa a matakin farko ba sai ya tsaya ya ɗaga murya: salamu alaikum maƙwabta, za a hau, a kintsa. Sau uku yake faɗa, don matar da ke wanka ko kitso a tsakar gidanta ta samu ta shiga ɗaki ko ta rufa. In ba a amsa ba bayan na uku, ba ya hawa. Na taɓa ganin ya zauna a gindin katanga tun safe har azahar, laka tana bushewa, saboda wata tsohuwa kurma a gidan baya ba ta amsa ba. Ina da shekara goma na ɗare tsani ba sallama, ya sauko da ni da ƙafa, ya zabga mini marin da har yau in ana sanyi ina jin sa a kunnen hagu. Abin da ban gaya wa Hajiya ba shi ne, rabona da Baba tun ƙaramar Sallah. Na ce masa ya bar ginin nan ya dawo birni wurina, ya ƙi, raina ya ɓaci na ce wata rana sai katanga ta kada shi sannan zai ji. Ya nuna mini ƙofa, ni kuma na fi ƙarfin in koma.

Alhaji ya ce maganar Hajiya ita ce magana. Tsibiri da Jiratawa za a aika wa masu gari, Zariya kuwa a bi gida gida. Nabil ya buɗa taswirar ya ƙirga rufin da jirgi zai bi ta kansu, ashirin da huɗu. Na leƙa. Layinmu ne. Ga itacen bedin ƙofar Shamsu, ga gidana na uku daga ƙarshe.

A nan Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Na ce a bar mini Zariya, unguwata ce, kowa ya san ni. Na kuma ce in da za a ji tawa, a tashi Alhamis da hantsi, lokacin da rana ta ɗaga, gona ta fi fitowa. Nabil ya so sassafe saboda iska, amma Alhaji ya ce a bi ta mai sana'a. Ba wanda ya tambaye ni abin da mai walda ya sani game da hasken gona.

Laraba da safe na koma filin jirgi na sassauta bulon ɗaya, na ƙara sunkuyar da kamarar, na karkatar da ita hagu kaɗan. Nabil ya ce me ya sa? Na ce tayar jirgi tana shiga hoton. Ya duba, ya ce bai ga taya ba, na ce a sama za ta fito. Ya ɗaga kafaɗa ya bar ni. Yaron kirki ne, ya yarda da mutane, na tuna har na raina shi a kan haka.

Da la'asar na bi layinmu. Inda na tarar da maigida a zaure na gaya masa, inda babu na tsaya a ƙofa na ɗaga murya irin ta Baba: gobe da hantsi jirgi zai wuce da kamara, a kintsa. Wasu suka yi dariya, wasu suka tsare ni da tambaya, wa za a kai wa hoton, Turawa ne ko soja? Na rantse musu gona za a ɗauka. Wani tsoho ya sa mini albarka, ya ce ɗan Gado bai bar gida ba. Gidan da muke katanga ɗaya maigidan ya yi tafiya, matarsa Balki ta amsa daga ciki, ta ce sun ji, Allah ya saka. Gida ashirin da uku na yi wa sallama. Na ashirin da huɗun, wato nawa, na shiga, na cire takalmi, na ci tuwo. Lissafina shi ne ba wadda za ta ɓata bakinta ta gaya wa Tsahara, tunda kowa zai ɗauka matar mai shela ita ta fara ji.

Alhamis da safe ta kawo mini kunu ta tsaya, ba ta koma madafa ba kamar yadda ta saba.

"Maigida, yau nake son in tsefe kaina in wanke shi a tsakar gida da hantsi. Ba komai?"

Shekara shida ba ta taɓa neman izinina a kan wanke kai ba. Ni da nake leƙa ƙarƙashin sikeli, wannan ban leƙa ƙarƙashinta ba. Hankalina yana kan moto mai jar kujera.

"Yi abinki," na ce.

Ta dube ni, sannan ta ɗauki kofin ta shiga. A hanya na riƙa lallashin kaina. Ni zan cire katin da hoton ke ciki da hannuna, in kai shi ataliye, wurin waldata, in kalla ni kaɗai, in goge wurin gidana kafin kowa ya gani. Ba wanda zai ga kan matata, kuma ni zan san gaskiya.

A fili na taɓa kowane bulon, na ja wayar nan na ji ta, na goge gilashin kamara da bakin rigata, na danna, jan haske ya fara ƙiftawa. Jirgin ya gudu ya ɗaga, na bi shi da ido ya karkata kan Zariya, ƙasa-ƙasa kamar yadda aka ce. Minti hamsin na yi ina kai da komo a rana, na ƙi zama a rumfa. Da ya sauka na ruga, amma sai da farfela ta tsaya aka bar ni na matsa, kuma kafin in zagayo fiffiken Nabil ya riga ya diro ya zare katin ya jefa a aljihun gaba. Yana ta murna, wai ko motsi kamarar ba ta yi ba. Na ce ya ba ni in duba ko hoton ya yi rawa. Ya ce ai tare za mu duba, Alhaji yana jira, ya tara mutane. Na ce akwai abin da nake son in gyara. Ya ce wane gyara mai walda zai yi wa kati? Na roƙe shi, har da Allah da Annabi, ya dube ni da mamaki ya ce in hau mota. Ko gida ban samu na leƙa ba.

Bayan azahar falon Alhaji ya cika. Mutum goma sha wani abu, abokan kasuwancinsa da masu kula da gonaki, Hajiya a kujerarta bakin ƙofar ciki. Aka haɗa katin da babbar tele. Na zauna a ƙasa can gefe. Addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa tana cikin ɗaki. Wata zuciyar kuma, ba zan ɓoye ba, tana cewa Allah ya sa moton yana nan.

Ƙasa ta gudu, ta yi nisa, sai ga Zariya. Hoton tsaf, ba rawa ko kaɗan, ana iya ƙirga tukwane. Tsakar gida bayan tsakar gida, duk wayam. Ga turmi an bar shi da taɓarya a ciki, ga wanki a igiya, ga awaki, ba mace ko ɗaya. Hajiya ta ce madalla, haka ake yi. Sai ga bedin Shamsu, sai ga ƙofata, ga moto mai jar kujera a jingine, dogon yana ɗaure wani abu a baya. Na ce a raina, na kama ku.

"Tsaya," in ji Hajiya. "Wancan gidan akwai mutum."

Nabil ya tsayar da hoton ya jawo shi kusa. Saboda karkatar da na yi wa kamara, gidana ne a tsakiyar tele, ya fi kowane gida fitowa. Tsahara tana tsaye a tsakiyar tsakar gida. Ba kai take wankewa ba. Tana cikin babban hijabinta ruwan toka na tafiya, har ƙasa. A gefenta koren akwatin ƙarfen da ta zo da shi daga Tsibiri, an ɗora masa katifa a naɗe, da kwanoni a ɗaure cikin zane. Ta ɗaga kai tana kallon jirgin. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba a jikin tele, amma na san wanda take kallo.

Alhaji ya ce gidan wa ne wannan da ba a gaya wa ba? Nabil ya dubi hoton, ya dube ni, na ga ya tuna bulon ɗin da na sassauta. Ya saki hoton ya ci gaba. Hajiya kuwa ba ta sake kallon tele ba, ni take kallo.

Ban ga gonakin Tsibiri ba, ko da yake idona na kansu. Ina jin su suna yaba hatsi. Can jirgi ya zagayo Jiratawa, ya sauko sosai don gonar Alhaji ta nan tana bakin gari, kuma gidan Baba shi ne na ƙarshe kafin gonar. Na san rufinsa tun daga nesa. A ƙofar gidan ga moto mai jar kujera. A tsakar gida ga Baba kwance a tabarma, ƙafarsa ɗaya miƙe, an naɗe ta da farin ƙyalle da karan ɗori tun daga cinya. Dogon yana durƙushe yana buɗe masa shuɗiyar kula. Na tashi na fita ban yi wa kowa sallama ba.

A gida na tarar da kwaɗo a ƙofa. Balki ta miƙo mini makulli ta bayan labule, kuma ba ta jira na tambaya ba. Ta ce jiya bayan na wuce ta leƙa ta katanga tana tsokanar Tsahara, wai mijinki ya zama sanƙira, tun yaushe ya gaya miki kika ɓoye mana? Tsahara ta ce gaya mini me? Da ta ji, sai ta ce ƙila ya manta ne, zai faɗa in ya shigo. Ta jira ni a kan tuwo, ban faɗa ba. Da safe ta yi mini tambayar nan. Ina fita ta fara haɗa kaya, Balki tana ba ta haƙuri, ta ce ba inda za ta sai jirgin ya wuce, tunda an ɗaura shi don a gan ta, to a gan ta. Yana wucewa ta aika aka kira taksi. Balki ta ce ita dai ba ta san abin da ke tsakaninmu ba, amma ko maƙiyi ana gaya masa za a hau.

Na hau moto na nufi Jiratawa. Baba ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Bai yi mamakin ganina ba, ya ce jirgin da ya wuce ɗazu ya san da hannuna a ciki. Mako bakwai ke nan da ya faɗo daga katanga, bayan ruwan nan mai yawa, ƙafa ta karye a cinya. Dogon nan maƙwabcinsa ne, Maman Lawali, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ya ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori, shi ne kuma ya je gidana da labari ba da sanin Baba ba, ya tarar ba na nan. Da Baba ya ji, sai ya aika wa Tsahara cewa bai yafe ba in ta gaya mini, don ba zai kwanta in zo in tsaya a kansa in ce ai na faɗa ba. Ta yi masa alkawari. Tun daga nan duk Litinin da Alhamis take aiko masa da abinci mai ɗan mai, da saƙo iri ɗaya, Baba ka sake ni in gaya masa. Shi kuma ya ƙi. Yau saƙon ya sake. Ta ce a gaya masa kada ya damu, abincinsa ba zai yanke ba, amma daga Tsibiri zai riƙa zuwa.

Ya tambaye ni me na yi mata. Na gaya masa duka, har bulon ɗin.

"Gida nawa ka yi wa sallama?"

"Ashirin da uku, Baba."

"Nawa laifin na ɗauka, taurin kai ne, kuma ni na sa yarinyar mutane a tsaka. Amma ni ban taɓa leƙa gidan kowa ba." Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Da ina iya tashi da na ƙara maka a kunnen dama."

Na yi kuka a gabansa, ni da gemuna. Bai rarrashe ni ba. Ya dai tura mini kular ya ce in ci, miyar matata ce, ban san ranar da zan sake samu ba.

Juma'a da safe na tafi Tsibiri. Mazan gidan duk suna gona, an fara yankan hatsi, zauren ba kowa. Daga ciki ina jin daka, kuma na san bugun taɓaryarta, tana yin biyu da sauri ta ɗan dakata. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Dakan ya tsaya. Na jira, na sake ta biyu. Wata kaza ta fito ta wuce ta tsakanin ƙafafuna. Katangar gidan ba ta kai kafaɗata ba, in na yi ɗage kaɗan zan gan ta, sai na sunkuyar da kai na kalli takalmina. Na yi ta uku.

"Gida ashirin da uku ka yi wa sallama ranar Laraba," in ji ta daga bayan katanga, ba ta ɗaga murya ba. "Je ka can su amsa maka."

Dakan ya ci gaba. Na tsaya har ta gama turmin, ta fara sheƙa, sannan na juya.

Wata uku ke nan. Na aika da manya, mahaifinta ya ce shi ba zai tilasta mata ba, a ba ta lokaci. Duk Juma'a ina zuwa, in yi uku in juyo. Nabil bai sake kira na aiki ba, ko da yake an ce maƙalin nan nawa har yanzu yana jikin fiffike, ko bulon ɗaya bai motsa ba. Baba ya fara takawa da sanda. Duk Litinin da Alhamis da hantsi Maman Lawali yana wucewa ta gaban ataliyena, daga Tsibiri zuwa Jiratawa, da shuɗiyar kula ɗaure a baya. Yana ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga masa.